Dabarun Sabar da Kyanwa Mai Tsoron Mutane

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a gidan Hausa ya san cewa kyanwa iri biyu ce. Akwai ta ɗaki, wadda ke kwana a gefen gadon tsohuwa, ana zuba mata ɗumame a murfin kwano, yara na ja mata wutsiya tana ƙyale su. Akwai kuma ta bisa katanga, wadda ba ta da uban gida, ko tari ka yi sai ta arce. Ta farkon ce Bahaushe ya yi wa kirari da kyanwar Lami, ba cizo ba yakushi. Ta biyun kuwa ba ta samu kirari ba, jifa kawai ta samu.

Wannan maƙala ta ta'allaƙa ne a kan ta biyun, musamman irin wadda aka tsinto aka kai gidan da ake ajiye dabbobin da ba su da masu su, domin a nema mata wanda zai riƙe ta. Zan yi ƙoƙarin bayyana inda tsoronta ya samo asali, da yadda ake gane shi, da kuma hanyoyin da ake bi har ta saki jiki da ɗan Adam. Na san wani daga cikin 'yan uwana ɗalibai zai ce wannan ai aikin wanda ba shi da aikin yi ne. To, ya ɗan yi haƙuri, domin nan gaba kaɗan za mu ga cewa ɗaya daga cikin manyan hanyoyin da likitocin ƙwaƙwalwa ke bi a yau wajen raba mutum da tsoro, a jikin kyanwa aka fara gwada ta.

Mafakar dabbobi

Irin waɗannan gidaje, waɗanda zan riƙa kira mafaka a cikin wannan rubutu, sun fi yawa a ƙasashen Turai da Amurka. A Ingila an kafa ƙungiyar hana zaluntar dabbobi tun 1824, a birnin New York kuma aka kafa irinta a 1866. Shahararriyar mafakar nan ta Battersea da ke Landan, wata mata mai suna Mary Tealby ce ta assasa ta a 1860 domin karnuka, sai a 1883 aka fara karɓar kyanwoyi. A nan Nijeriya mafaka ba su da yawa, galibi asibitin dabbobi ne ko wani mai tausayi ke yin aikin a bayan gidansa. Amma matsalar guda ce, a Landan ne ko a nan.

Mai karatu ya auna halin da dabbar ke shiga. Jiya tana yawo a wurin da ta san kowane lungu nasa. Yau an damƙe ta, an sa a mota, an zuba a keji wanda ba shi da wurin ɓuya, ga haushin karnuka, ga warin wasu kyanwoyin da ba ta sani ba, ga baƙin hannaye suna shigowa safe da yamma. Wadda ta saba da mutane ma sai ta firgita, balle wadda ba ta saba ba.

Wannan firgita ba ƙaramin abu ba ce, domin rayuwar dabbar na iya rataya a kanta. Wanda ya zo neman kyanwa yakan ɗauki wadda ta taso ta goga jikinta a ƙofar keji ne, ya wuce wadda ta maƙure a kusurwa tana huci. Ita wannan sai ta daɗe, daɗewar ta ƙara mata damuwa, damuwar ta raunana garkuwar jikinta. Akwai wata ƙwayar cutar murar kyanwa da ke kwanciya a jiki shiru, sai damuwa ta yi yawa ta farka, ka ga ido na ruwa, hanci na yoyo. A mafakar da ta cika maƙil, kyanwar da ta haɗa ciwo da rashin sabo ita ce ta fi kusa da allurar mutuwa.

Daga ina tsoron yake?

Kyanwar gida jikar kyanwar daji ce ta Afirka da Gabas ta Tsakiya, kamar yadda binciken ƙwayoyin gado da aka wallafa a 2007 ya nuna. Zamanta kusa da mutane ya daɗe: a 2004 aka sanar da tono wani kabari a tsibirin Saifurus mai kimanin shekara 9,500, inda aka tarar an binne mutum da kyanwa dab da juna. Duk da wannan daɗewa, ba ta bar halin kakarta ba. Kare daga dabbar garke ya fito, shi ya sa yake neman kusanci in ya tsorata. Kyanwar daji kuwa ita kaɗai take farauta, in ta ji rauni babu mai kawo mata abinci, sannan ƙaramar dabba ce, tana cin ɓera, ita ma akwai masu cin ta. Saboda haka dabararta ta tsira ita ce ɓuya, ko hawa sama, ko gudu. Faɗa shi ne na ƙarshe, sai an toshe mata sauran hanyoyin. Wannan batu shi ne ginshiƙin duk abin da zan faɗa a gaba.

Abu na biyu shi ne ƙuruciya. A farkon shekarun 1980 wata masaniya Ba'amurkiya mai suna Eileen Karsh ta gano cewa akwai wani ɗan taƙaitaccen lokaci, daga mako 2 zuwa mako 7 da haihuwa, wanda a cikinsa ne ɗan kyanwa ke koyon ɗaukar mutum a matsayin abokin zama. Wanda aka riƙa ɗauka ana shafawa a wannan tsakani yakan tashi da son mutane, kuma wanda ya samu minti 40 a rana ya fi wanda ya samu minti 15. Wanda lokacin ya wuce shi bai taɓa jin hannun mutum ba, sabar da shi daga baya aiki ne ja. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Har ila yau akwai gado. A 1995 Sandra McCune ta nuna a Ingila cewa 'ya'yan muzuru mai son mutane sun fi ƙarfin halin tunkarar baƙo da baƙon abu, alhali ko sau ɗaya ba su taɓa haɗuwa da uban nasu ba. Wato wasu da tsoronsu aka haife su, ba laifin kowa ba ne.

Na ƙarshe shi ne abin da ta gani a duniya. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Kyanwar da aka taɓa maka wa tsintsiya, ganin mai shara kawai ya isa ya tayar mata da hankali. A wajenmu abin ya fi muni ga baƙar kyanwa, wadda camfi ya haɗa da maita da aljanu, har ta zama ko ina ta gifta dutse ke bin ta. Bugu da ƙari, kunnenta ya fi namu nesa ba kusa ba: mu sautin da karkarwarsa ta wuce kimanin 20,000 a daƙiƙa ba ma jin sa, ita kuwa tana ji har wajen 64,000. Gidan da muke ganin shiru ne, a wurinta kasuwa ce.

Labarin zuciya a tambayi fuska

Kafin a yi maganin tsoro sai an iya gane shi. A 1997 wasu masana biyu a Suwizalan, Kessler da Turner, suka tsara ma'auni mai hawa 7, daga kyanwar da ta miƙe ta saki jiki gaba ɗaya zuwa wadda ta kai maƙurar firgita, kuma har yau ana amfani da shi a mafaka da dama. Abin da ake dubawa ba ɓoyayye ba ne. Mai natsuwa takan kwanta ta gefe, kunnuwa a gaba, ido a lumshe, wutsiya a sake. Mai tsoro takan dunƙule, ta tattara ƙafafu a ƙarƙashinta, ta naɗe wutsiya a jiki, kunnuwa su kwanta gefe ko baya, baƙin idon ya buɗe har ya kusa cika idon, numfashi ya yi sauri. In abin ya ƙaru sai huci da gurnani da kai hannu.

Mai huci ba ta da wuyar ganewa, kowa zai ja da baya. Wadda aka fi yi wa mummunar fahimta ita ce mai sandarewa. Za ka ɗauke ta ba ta motsa ba, ka shafa ta ba ta ce uffan ba, sai ka ce ai ga mai haƙuri. Ba haƙuri ba ne, tsoro ne ya kai ta inda ko gudun ba ta iyawa. Wata ma takan runtse ido kamar mai barci, amma in ka lura jikin a ƙage yake, kunnuwa na bin duk motsin da ka yi. Haka nan ƙugin nan mai kama da minshari da take yi a maƙogwaro, wanda muka ɗauka alamar jin daɗi ce, kyanwa na yin sa kuma a lokacin ciwo ko tsananin damuwa. A ganina, rabin cizon da ake samu a hannun kyanwa daga nan yake fitowa: ta yi ta faɗin a ƙyale ta da kunne da wutsiya, ba a ji ba, sai ta faɗa da haƙori.

Amfanin kwali

Abu na farko da za a ba kyanwa mai tsoro wurin ɓuya ne, tun ma kafin shafa ko wasa. Wannan yakan ba mutane mamaki. Sukan ce, muna so ta fito, ka ce mu ba ta inda za ta ƙara shigewa? Wasu ma'aikatan mafaka ma sun daɗe suna ƙin sa kwali a keji, don gudun kada masu zuwa ɗauka su kasa ganin dabbar.

A 2014 Claudia Vinke da abokan aikinta na Jami'ar Utrecht a ƙasar Holan suka gwada abin a wata mafaka. Sun ɗauki sababbin kyanwoyi 19, suka ba 10 akwatin ɓuya, suka bar 9 babu, suka riƙa auna su da ma'aunin nan mai hawa 7. Masu akwati zuwa rana ta 3 hankalinsu ya kwanta. Marasa akwati sai da suka kai wajen mako 2 kafin su cim ma wannan matsayi, kuma a tsawon lokacin suna ta ƙoƙarin maƙalewa a bayan robar bahayarsu, tun da ita ce kawai abin da ya yi kama da maɓoya. Adadin kyanwoyin kaɗan ne, amma dalilin a fili yake: dabbar da ta tabbatar tana da inda za ta koma in abu ya ɓaci, ita ce ke da ƙarfin halin leƙowa.

Don haka wanda ya kawo irin wannan kyanwa gida, kada ya sake ta a tsakar gida. Ya ware mata ɗaki guda mai ƙofa, nesa da janareta da talabijin da guje-gujen yara. Ya sa kwali a kife, ya huda masa ƙofa biyu don kada ta ji an ritsa ta, ya shimfiɗa tsohon zane a ciki. In akwai kabad ko kanta da za ta iya hawa, ya fi kyau, domin daga sama take son kallon abin da take tsoro. Abinci da ruwa a gefe guda, robar yashi ta bahaya a wancan gefen, saboda ba ta son ci kusa da inda take kewayawa. Kada a yawaita wanke zanen, ƙamshin jikinta da ke kai shi ke shaida mata cewa wurin nata ne. Sannan a tsayar da lokaci: mutum guda, sa'a guda, hanya guda kullum. Bincike ya nuna cewa sauye-sauyen da kyanwa ba ta iya hasashensu, kamar canza lokacin abinci ko mai kawo shi, suna iya sa ta amai ko ƙin ci ko da lafiyarta ƙalau.

Doka ɗaya ce ba a karya ta: in ta shiga kwalin, ba a zura hannu a jawo ta. Ranar da aka yi haka, kwalin ya tashi daga maɓoya ya koma tarko.

Darasin Wolpe

Yanzu bari in cika alkawarin da na yi a gabatarwa. A ƙarshen shekarun 1940, wani likita ɗan Afirka ta Kudu mai suna Joseph Wolpe ya yi gwaji da kyanwoyi a Jami'ar Witwatersrand da ke Johannesburg. Ya riƙa sa su a keji yana jona musu lantarki (gwajin da a yau da wuya a amince a yi shi), har suka kai ba sa iya cin abinci a kejin duk tsananin yunwa, ba ma a kejin kaɗai ba, har a ɗakunan da suka yi kama da ɗakin gwajin. Sai ya juya ya nemi hanyar warkar da su. Ya fara ba su abinci a ɗakin da ya fi kowanne nisa da kamannin ɗakin gwajin, inda tsoron bai kai ya hana su ci ba. Da suka saba, ya matsa zuwa ɗakin da ya ɗan fi kama, haka haka har suka dawo suna ci a cikin kejin da aka azabtar da su. Daga nan ya fahimci cewa ci da tsoro ba sa zama wuri guda, wanda ya fi ƙarfi shi ke korar ɗayan, kuma in aka kawo abin tsoron kaɗan-kaɗan, cin ne ke rinjaye. A 1958 ya wallafa littafinsa a kan wannan, ya mayar da dabarar kan mutane, inda ya maye gurbin abinci da sassauta jiki. Mai tsoron hawa jirgin sama ko tsoron allura da ake yi wa magani mataki-mataki a yau, a bayan waɗannan kyanwoyi yake tafiya.

Da wannan dabara na yi aiki a kan wata kyanwa mai ruwan toka da na karɓo daga wani asibitin dabbobi a lokacin wani dogon hutu. An tsinto ta ne a wani sito na kasuwa, likitan ya ƙiyasta shekararta guda. Da zan tafi da ita ya ce mini, "Malam, ka ɗauka ba ka da kyanwa har wata guda. Ka ajiye abinci kawai ka yi harkarka."

Haka kuwa aka yi. Kwana 8 ban ga ko wutsiyarta ba, sai dai da safe in tarar kwano babu komai, yashi kuma an tona. Abin da na riƙa yi shi ne, bayan la'asar in shiga in ajiye dafaffen kifi da na cire wa ƙaya a bakin kwalin, in koma can ƙarshen ɗaki in zauna a tabarma, na ba ta gefe, ina karanta takardun darasin tsarin sauti a bayyane da murya ƙasa-ƙasa, na kamar minti 20, sannan in fita. Umma ta leƙo wata rana ta ce, "Kai yanzu kyanwar ce kake koya wa karatu?" Na ce, "Umma, muryata nake so ta haddace." A rana ta 12 ta fito da kai ta ci ina zaune. Daga nan na fara matso da kwanon wajena, kamar tafin hannu guda duk bayan kwana biyu. Ma'aunina guda ne: in ta ci, nisan ya yi daidai, in ta ƙi ci, na yi gaggawa, sai in mayar da kwanon inda yake jiya. A mako na 5 ta lashi kifi a kan dogon ludayi da ke hannuna. A mako na 6 aka yi suna a maƙwabta, kiɗa da hayaniya suka mayar da ita cikin kwali kwana 4, kamar ba mu taɓa haɗuwa ba. Wannan koma-baya ba ya nufin aikin ya rushe, domin da ta sake fitowa, daga inda muka tsaya ta ci gaba. A mako na 8 ta zo da kanta ta goga kumatunta a gwiwata.

Kishiyar wannan hanya ita ce wadda mutane suka fi bi, wato a kamo ta a rungume da ƙarfi "har ta saba". Wata za ta daina kokawa, gaskiya ne, amma ba don ta yarda ba, don ta fid da rai ne cewa kokawar za ta yi amfani. Irin wannan ce ke zama shiru wata da watanni, rana ɗaya ta yaga fuskar yaro.

Ido da hannu

Hausa ta riga ta gane wani abu a nan. In mutum ya zare ido yana tsoratarwa mukan ce yana muzurai, wato muna kwatanta shi da muzuru. A tsakanin kyanwoyi ƙura ido barazana ce, saboda haka mutumin da ya tsaya a kanta ya zuba mata ido don sha'awa, a wurinta faɗa yake nema. Shi ya sa sau da yawa kyanwa kan wuce masu kiranta ta je ta zauna kusa da wanda bai damu da ita ba.

Maganin muzurai shi ne lumshe ido. A 2020 masana daga jami'o'in Sussex da Portsmouth a Ingila, ciki har da Tasmin Humphrey da Karen McComb, suka nuna cewa in mutum ya dubi kyanwa ya lumshe ido a hankali, ita ma takan mayar masa, kuma ta fi saurin tunkarar hannun baƙon da ya yi mata haka a kan wanda ya dube ta da fuska a sake kawai. A wani binciken na wannan shekarar sun ga cewa kyanwoyin mafaka masu mayar da lumshe ido sun fi saurin samun masu ɗauka.

Dangane da hannu kuwa, a 2021 Lauren Finka da abokan aikinta na Jami'ar Nottingham Trent sun yi gwaji da kyanwoyi 100 a Battersea. Sun koya wa mutane su durƙusa su miƙa hannu su jira, in ta zo ta goga jiki a shafa, in ba ta zo ba a ƙyale ta; su lura da kunne da wutsiya; su taƙaita shafa a kumatu da haɓa da gindin kunne, inda take da ƙullutun ƙamshin da take shafa wa abin da ta amince da shi, su guji ciki da gindin wutsiya. Sakamakon shi ne huci da kai hannu suka ragu, kusantowa ta ƙaru. Wata dabarar da na ga amfaninta ita ce a shafa na 'yan daƙiƙoƙi a ɗauke hannu. In ta matso tana neman ƙari, a ci gaba. In ta tsaya kawai, an gama.

Sai dai kada a fahimci cewa ƙyalewa gaba ɗaya ita ce magani. A wata mafaka a birnin Vancouver na Kanada, Nadine Gourkow da abokanta sun wallafa a 2014 cewa cikin kyanwoyi 139 masu firgita, waɗanda aka riƙa shafawa a hankali ana yi musu magana, minti 10 sau 4 a rana har kwana 10, garkuwar jikinsu ta ƙaru, kuma ba su kamu da mura kamar waɗanda aka bari ba. Masu kai hannu da sanda mai laushin kai aka fara taɓa su. Wani zai ga kamar wannan ya saɓa da batun jira. Ni a fahimtata bai saɓa ba: a mafaka lokaci ya yi ƙaranci, kuma ƙwararru ne ke yi da ƙa'ida, ba kamu ba ne, ba ɗauka ba ne. Wanda ke gida yana da abin da mafaka ba ta da shi, wato lokaci. Kama ta ta fatar ƙeya a ɗaga kuwa, wai don haka uwarta ke yi, ƙungiyoyin likitocin kyanwa sun daina goyon bayansa. In dole ne a riƙe ta, a naɗe ta da tawul.

Abin da ya shafi lafiya

Ba kowane tsoro ne tsoro ba, wani ciwo ne. Haƙori mai ciwo ko rauni a ɓoye kan sa kyanwa ɓuya da cizo, don haka likitan dabbobi ya fara duba ta. In ta yi kwana 2 ba ta ci komai ba, kada a ce haƙuri, a koma wurinsa, domin kyanwar da ta daɗe ba ta ci ba, musamman mai ƙiba, kitse kan taru mata a hanta, kuma yana kisa. Ga masu tsananin firgita, likita na iya rubuta wani magani da ake kira gabafentin, wanda wani bincike na 2023 a Kanada ya nuna yana hanzarta sabo in an haɗa shi da horon da na bayyana. Wannan hukuncin likita ne, ba na mai kemis ba.

Farasitamol, wanda muke sha kamar gyaɗa, guba ne ga kyanwa, ƙwaya ɗaya na iya kashe ta. Albasa da tafarnuwa suna lalata mata jini, don haka ragowar miya ba abin lallashi ba ce. Madarar shanu na sa da yawansu gudawa. Maganin wanke ƙasa irin wanda ke yin fari in an zuba shi a ruwa shi ma yana cutar da ita, tun da takan taka ta lashe ƙafa. In kuwa ta yi cizo, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15 a tafi asibiti a ranar. Haƙorinta siriri ne, yana kai ƙwayoyin cuta can ciki, sannan ciwon haukan kare yana nan a ƙasarmu, kuma kyanwa ma na ɗaukar sa. A yi mata allurar rigakafinsa.

Wadda ba za ta zama ta ɗaki ba

Akwai bambanci tsakanin kyanwar da ta taɓa sabawa da mutane ta firgita, da wadda aka haifa a kango ta girma ba ta taɓa jin hannu ba. A kwanakin farko kamanninsu ɗaya, lokaci ne ke raba su. Ta farkon za ka ga tana sassautowa: ta fara gyara jikinta a gabanka, ta yi miƙa, ta bi igiyar da kake ja da ido, wata rana ta ɗaga wutsiya sama in ka shigo. Ta biyun makonni za su shuɗe tana nan inda take, ba ta motsi sai dare, tana neman ƙofa. Tsare irin wannan a ɗaki da sunan so azaba ce.

Mafaka da yawa a Ingila da Amurka sun daina ƙoƙarin mayar da ita ta ɗaki. Sukan yi mata fiɗiya da allurar rigakafi, su yanke ɗan tsinin kunne guda, galibi na hagu, don a gane an riga an yi mata, sannan su mayar da ita inda aka kamo ta in akwai mai ciyarwa, ko su ba manomi ko mai sito ta riƙa yi masa gadin ɓera. Wannan aiki ne da ya dace da rumbu da shagon hatsi a wajenmu. Sharaɗinsa shi ne a ci gaba da ba ta abinci da ruwa kullum, domin ɓera kaɗai ba ya riƙe ta a wuri, kuma ƙoshi ba ya hana ta farauta. A sabon wurin akan tsare ta a babban keji ko ɗaki na mako 2 zuwa 4, ana kawo abinci a sa'a guda, har ta gane nan ne gida. Daga nan sai a buɗe ƙofar da yamma, a bar kwanon a inda yake.